Ranar 'Yan Mazan Jiya: An Ajiye Furanni, Ba a Kira Suna Ba



Ranar 15 ga Janairu ta zo ta wuce kamar yadda ta saba, kuma a unguwar nan ba abin da ya motsa. Masu canji na bakin titi suna ɗaga wa motoci hannu, masu tsire na hura wuta, direbobin tasi na ta hon a shataletalen Mokola. A teburin mai shayin layinmu talabijin na nuna fareti daga Abuja, sai wani yaro ya ce don Allah a canza a sa ƙwallo. Aka canza. Ba wanda ya ce uffan, har da ni. Sai da na koma gida abin ya riƙa yi mini yawo a rai: ya aka yi bikin da aka shirya don tunawa da mamatanmu ba ya taɓa mu ko kaɗan? Mu ne zukatanmu suka bushe, ko kuwa bikin ne da sauransa?

Ga wanda bai taɓa tsayawa ya kalla ba, ga yadda abin yake. Tun da sauran makonni ake ƙaddamar da bajon tunawa, wanda za ka gani maƙale a ƙirjin manyan ma'aikata, kuɗinsa kuma don ƙungiyar 'yan mazan jiya ake tarawa. Juma'ar da ke gaban ranar a yi addu'a a masallaci, Lahadi a yi a coci. Ran 15 ɗin shugaban ƙasa ya fito a Abuja, kowane gwamna ya fito a jiharsa, namu nan a dandalin da ke wajen gidan gwamnati a Agodi. Sojoji su jeru, a busa begila, a yi shiru na minti guda, a harba bindiga. Daga nan manya su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa bisa girman kujerarsa, suna ajiye furanni a gindin mutum-mutumin soja. A ƙarshe a buɗe keji a saki fararen tattabaru. Shi ke nan, sai baɗi.

Ba zan ce ba abin kirki a ciki ba, don na taɓa zuwa Agodi na gani da idona. Busar begilar nan tana da nauyi. In ta tsaya, shirun da ke biyo baya yakan sa mutum ya ji tsigar jikinsa ta tashi, ko da bai san kowa a soja ba. Sannan akwai tsofaffin nan 'yan mazan jiya, da kakinsu da ya sha wanki har ya koɗe, wani na jan ƙafa, wani ido ya tafi, amma da an ba da umarni sai ka ga ƙirji ya miƙe, hannu ya tafi goshi. Wallahi su ne bikin. Duk sauran ado ne. Tattabarun kuwa, tun 2021 da aka buɗe musu keji a Abuja suka ƙi tashi, 'yan ƙasa suka kwana suna dariya a Facebook, su ne kawai abin da mutane ke jira su gani. Wannan kaɗai ya isa ya nuna akwai matsala: an taru don matattu, an watse ana hirar tsuntsaye.

Matsalar a ganina guda ɗaya ce. Tun daga busar farko har zuwa tashin tattabaru, sunayen da za ka ji ana kira da amsa-kuwwa na masu rai ne. Mai girma wane zai ajiye furanni. Mai girma wane ya biyo baya. Kowa da cikakken sunansa da lambobin girmansa. Wakiliyar matan da mazansu suka rasu a fagen daga, wadda ita ce ta fi kowa haƙƙi a wurin, sai can wajen ƙarshe take fitowa. Wanda aka zo dominsa kuwa ƙarfe ne a tsaye, ba suna, ba gari, ba uwa ba uba.

Shi wannan soja marar suna ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Turawa ne suka fara bayan yaƙin duniya na farko. A 1920 Ingila da Faransa kowace ta ɗauko gawar soja ɗaya da ba a gane ko wane ne ba ta binne shi da girmamawa a babban birninta, saboda igwa ta yi kaca-kaca da dubban mutane har ba a iya shaida su. Amma su ba a nan suka tsaya ba. Kusan kowane ƙauye a ƙasashen nan akwai dutse a tsakiyar gari da aka sassaƙa sunayen 'ya'yan ƙauyen da ba su dawo ba, ɗaya bayan ɗaya. Marar sunan yana tsaye ne a madadin waɗanda aka rasa gane su, bayan an rubuta duk wanda aka sani. Mu kuwa sai muka aro riga muka bar wando. Muka ɗauki marar sunan ya tsaya a madadin kowa da kowa, har da waɗanda sunansu da lambarsu ke kwance cikin fayil.

Na daɗe ina zargin ba mantuwa ce kawai ba. Marar suna ba ya tayar da magana. Suna kuwa, da ka kira shi sai tambayoyi su biyo: a ina ya mutu, wa ya kashe shi, da wane makami aka tura shi, an biya iyalinsa? Ku duba ita kanta ranar. Da can ranar 11 ga Nuwamba ake yi, tare da sauran ƙasashen rainon Ingila. Aka mayar da ita 15 ga Janairu saboda a ranar ce a 1970 Philip Effiong ya miƙa wuya ga Janar Gowon a barikin Dodan, yaƙin basasa ya ƙare. Madalla. To amma je ka tambayi duk wani dattijo a Gangare me ya faru ran 15 ga Janairu, ba zai ce maka ƙarshen yaƙi ba. Cewa zai yi ranar da aka kashe Sardauna, cikin azumi, a 1966. A daren ne aka tafi da Tafawa Balewa, aka kashe Akintola a gidansa nan cikin Ibadan. Kuma in maganar sojoji ake, a daren ne aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari, da Birgediya Ademulegun, da Kanar Kur Muhammad, da Kanar Shodeinde, da Laftanar Kanar Pam, da Unegbe, da Abogo Largema wanda shi ne kwamandan bataliyar da ke garin nan a lokacin. Sojoji ne, 'yan uwansu sojoji suka kashe su, a daidai ranar da muke tunawa da sojoji. Wata shida bayan nan aka ɗauki Ironsi da Fajuyi daga gidan gwamnatin nan na Agodi, aka kashe su a wajen Lalupon. Bikin ba ya ko kallon wajen wannan. Ga kuma maƙwabtanmu Ibo da muke cin kasuwa tare, waɗanda yunwar yaƙin ta cinye musu yara ba adadi. Mutanen Asaba har yau suna tattara sunayen nasu da aka harbe a Oktoban 1967. Rana ɗaya, makoki iri-iri, an lulluɓe su duka da mutum-mutumi guda don kada a ji kukan kowa daban.

Wani zai ce to mu Hausawan Kudu ina ruwanmu, mu da fatauci ya kawo kakanninmu, goro da shanu. Ai kuwa da ruwanmu, har da tsaki. Rundunar sojan Najeriya da kanta tana lissafin asalinta ne daga 1863, lokacin da wani Bature, Glover, ya tara wasu Hausawa a Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudo, ya ba su bindiga. Da sunan Hausawa aka san rundunar shekara da shekaru, kuma Hausa ce harshen bariki har bayan yaƙin Hitila. Daga can muka samo samanja da kofur da farabiti. Ba tarihi ne mai daɗi duka ba, kada mu yaudari kanmu. Da waɗannan sojoji aka ci Ijebu a 1892, da irinsu kuma aka ci Kano da Sakkwato a 1903. Da Kyaftin Bower ya zo ya zauna a Ibadan a 1893, da sojojin Hausa ya zo, shekara 23 kafin a yanka mana Sabo a 1916. Yau in ka ɗaga kai ka dubi dutsen Oke Are, ga hasumiyar Bower can tun 1936, yaranmu na zuwa yawon sallah suna ɗaukar hoto. Shi an gina masa hasumiya. Waɗanda suka ɗauki bindigar, suka yi gadin, suka mutu da zazzaɓi, wa zai iya kawo sunan mutum ɗaya a cikinsu?

Abin da ya fi ba ni haushi ma yana nan kusa da mu. Kullum muna wucewa ta barikin Letmauck a Mokola. Na tambayi matasa sun fi goma ma'anar sunan, wani ya ce sunan Bature ne, wani ya ce Yarbanci ne da ya lalace. Sunan wani wuri ne a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, inda sojojinmu suka gwabza da Japanawa a 1945. Haka Myohaung da Arakan da Tamandu a Ikko, haka Dalet a Kaduna. Runduna biyu ta Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka kwasa a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can aka shiga da su dazuzzukan Bama, wasu bataliyoyin Najeriya kuma aka haɗa su da dakarun Janar Wingate da ake saukewa a bayan abokan gaba. Barikin Chindit na Zariya sunan waɗannan dakaru ya ci. Kun ga abin: sunayen ƙauyukan da aka mutu a cikinsu an rubuta su da manyan baƙaƙe a ƙofar bariki, sunayen waɗanda suka mutu kuwa sai dai a tambayi iska.

Kuma ba zato nake ba. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen rainon Ingila ta fitar da rahoto a kan kanta, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, alhali Bature ko farabiti ne sai an kafa masa dutse da sunansa. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya nemi afuwa. To su da suka yi laifin sun amsa. Mu da aka yi wa, sai muka ci gaba da tsarin da suka bar mana, har muna ƙara masa tattabaru.

Wanda na ga ya yi ƙoƙarin biyan wannan bashi ba gwamnati ba ce, marubuci ne. Biyi Bandele, Bayarabe ne amma haifaffen Kafancan, wato shi ma ɗan zaman baƙunta ne kamarmu, sai dai nasa ta can ɓangaren. Mahaifinsa ya yi yaƙin Bama. A 2007 ya fitar da littafin ƙagaggen labari mai suna Burma Boy, a kan wani yaro Ali Banana da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja, da Samanja Damisa da ya riƙe shi kamar ɗa. Abin da littafin ya yi wanda faretin bai yi ba shi ne ya bar sojojin nan suka zama mutane. Suna da surutu, suna da tsoro, suna tsokanar juna, suna kiran muƙamai da Hausar bariki yadda kakanninmu ke kira. Ina da ƙorafi a kansa: ya buɗe labarin da Wingate, ya ba shi fili mai yawa kafin mu ga fuskar yaron, kamar dai ko a littafin ɗan Kafancan sai Bature ya fara ajiye furanninsa. Kuma da Turanci yake, jikokin su Damisa da yawa ba za su karanta ba. Duk da haka, duk wanda ya iya ya nema. Marubucin ya rasu a Ikko a 2022. Abin tausayin shi ne sai da ya ƙago sunaye, don na gaskiyar sun bi ruwa.

Ba wai ba a iya ba ne. A Maris ɗin 2024, da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta, rundunar soja ta fitar da sunayensu da hotunansu, tun daga laftanar kanar har farabiti, aka binne su a maƙabartar sojoji ta Abuja, shugaban ƙasa na tsaye. Ku tuna yadda abin ya daki mutane. Haka lokacin da Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ya faɗi a Malam Fatori a Nuwamban 2016, mutanen da ba su taɓa ganinsa ba sun yi kuka, saboda an san sunansa, an ga fuskarsa. To sauran fa? Na Metele a 2018, na Laberiya da Saliyo, na dazukan Zamfara da Neja da ake ce mana “an rasa wasu jami'ai”? Da a ce kowace jiha, ran 15 ga Janairu, za a rage jerin masu girma a ba wani kofur takarda ya karanto sunayen 'yan jihar da suka faɗi a shekarar, da garuruwansu, ba na jin yaron nan zai ce a sa ƙwallo. Zai tsaya ya ji ko akwai ɗan unguwarsu.

Yanzu bari in juyo gida, don ba gwamnati kaɗai ke da laifi ba. Na san malamanmu da yawa ba sa son zancen mutum-mutumi da furanni da tsayuwar shiru, suna cewa mamaci addu'a yake bukata da sadaka. Ban ja da su ba, gaskiya suka faɗa. Amma fa ƙin furanni bai zama hujjar mantuwa ba. Mu ne mutanen da ke karanta sunayen Ahlu Badar ɗaya bayan ɗaya, shekara fiye da 1,400 bayan yaƙin. Mahajjatanmu na zuwa Uhudu su tsaya su yi wa Sayyidina Hamza da sauran shahidai sallama. In akwai al'ummar da ta san darajar kiran sunan wanda ya faɗi a fagen fama, mu ne. Sai ga shi namu na jiya-jiya mun bar su. Sau nawa aka yi addu'a a masallatan unguwar nan aka ce “da sojojinmu da suka rasu” a dunƙule, aka shafa? Wannan ai shi ne mutum-mutumin Agodi, sai dai namu da fatiha.

Kuma ba sojoji kaɗai ba. Rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021, yau shekara nawa? Wa ke da sunayen waɗanda muka binne? Direbobinmu da yaran mota da hanyar Ilori da Jebba ta cinye, waɗanda aka sallace su a inda suka faɗi, iyalansu na Arewa sai labari? Mu mazauna nesa da gida mun fi kowa saurin ɓata, don dangin da za su riƙe sunanmu suna can, kabarin yana nan. Gobe in an ce mana baƙi, kamar yadda akan ce duk lokacin da aka zo neman takardar shaidar asali ko gurbin makaranta, da me za mu amsa? Fatar baki ba ta isa. Littafi mai sunaye, wane ɗan wane, an haife shi a Sabo, ya shiga soja a Mokola, ya faɗi a wuri kaza, wannan ba a musa shi.

Saboda haka na sayi littafi mai bango mai ƙarfi, na fara bi gida-gida bayan La'asar. Shawarata ga Sarki da limamai da ƙungiyoyin matasa ita ce a karɓe shi daga hannuna ya zama na unguwa, baɗi kuma a karanta abin da ya taru a masallaci, a yi addu'a, a haɗa ɗan abin da ya samu a kai wa matansu da marayunsu hannu da hannu. Akwai waɗanda na tarar sun shekara suna zirga-zirga da fayil a kan haƙƙin mazansu, daga wannan ofis a ce su je wancan, har takardun sun yi laushi kamar tsumma.

Gida na huɗu da na shiga na wata tsohuwa ne a bayan layinmu, wadda duk shekara a watan azumin tsofaffi take toya waina ta raba wa almajirai. Tun ina yaro nake cin wainar nan ban taɓa tambayar dalili ba. Ashe a watan ne labari ya iso mata, a 1967, tana da goyon wata biyar, cewa maigidanta na cikin waɗanda ruwan Anaca ya tafi da su lokacin da sojoji suka yi ƙoƙarin ƙetare Kwara. Ba gawa, ba kabari. Na ce, “Iya, kin san gwamnati ta ware rana guda don irinsu?” Ta ce, “Yaushe?” Na faɗa mata. Ta ce, “To, Allah ya ba su lada. Ni ba wanda ya aiko mini.”

Na buɗe littafi. Lambarsa ta soja ta karanto mini ita tiryan-tiryan, ba ko tuntuɓe, na rubuta. Na ce, “Saura suna, Iya.” Sai ta kawar da kai ta ja mayafi, ta ce, “Kai ɗan nan, ba ka da ta ido. Ni ban taɓa faɗa ba yana raye, sai yanzu?” Ta ɗaga murya ta kira wani jikanta da ke wanke babur a ƙofar gida.

“Maigida! Zo nan ka gaya wa malam sunanka na yanka.”